Inda Gashin Toka Yake Zuwa

Tun ranar da Dalhatu ya je ɗaukar zomanya ta biyu Saloma, mai kiwon zomayen, ta gargaɗe shi. Tana sa masa ita a cikin kwandon tumatir, tana rufa tsohon buhu a kai, ta ce ya sa ido sosai, domin zomo ɗaya a keji ba ya ba mutum wahala, amma in suka zama biyu sai an ga abin da ba a saba gani ba. Ko faɗa, ko ciwo, ko wani abu dabam, ita dai ba ta taɓa haɗa baƙo da ɗan gida ta kwashe lafiya ba. Dalhatu ya ce to, zai kula. Amma rabin hankalinsa yana gona, saboda ranar ce za a sako ruwa a kanal ɗin ɓangarensu, kuma wanda ya makara sai ya tarar na sama da shi sun tare ruwan. Ya ɗaure kwandon a bayan keke ya kama hanyar gida, maganar Saloma kuwa bai sake tuna ta ba sai da abin ya faru.

Ba sha'awar kiwo ce ta kai shi ga zomaye ba. 'Yarsa Kubra ce dalili, yarinya 'yar wajen shekara goma. A ƙarshen damina zazzaɓin taifot ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti a Kano, har Dalhatu ya fara fid da rai. Allah ya tashi kafaɗunta. Amma bayan an sallamo ta sai gashinta ya fara zuba. Indo, uwarta, takan tarar da shi da safe a kan matashin kai, ta tattara ta ɓoye kafin yarinyar ta farka, har abin ya fi ƙarfin ɓoyo. Likita ya ce a yi haƙuri, haka ciwon yakan yi, zai sake fitowa. Kan da mai kitso takan yini a kansa tana mita ya koma fayau, sai ɗan tsilli-tsilli a ƙeya.

Sau ɗaya Kubra ta fita bayan ciwon. Ta je bakin kanal inda 'yan mata suke wanki, tana sunkuyawa ɗankwalinta ya zame, wata ta ce ga ƙoƙo nan ya zo ɗiban ruwa da kansa. Aka yi dariya. Kubra ta ɗauki ɗankwalinta ta dawo gida ta shige ɗaki, daga nan babu firamare, babu islamiyya, ko zaure ba ta leƙawa. Indo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji ta zuba mata ido.

Dalhatu mutum ne mai saurin damuwa. In yaro ya yi tari sau biyu a gidansa, ranar ba zai ji daɗin tuwo ba. Wannan kuwa ya fi tari. Shekarar ce aka hana shigo da alkama daga waje, aka ce manoman rani su shuka, kowa yana ta hidimar gyaran fili, shi kuwa yana gona zuciyarsa tana ƙofar ɗakin Kubra. Wata rana Levi, direban tarakta mutumin Filato, ya zo yi masa haro, wato farfasa ƙasar gona, suka zauna shan inuwa, Dalhatu ya ba shi labari. Levi ya ce matarsa Saloma tana kiwon zomaye a bayan gidansu, can gidajen ma'aikata wajen Kadawa, ya je ya karɓi ɗaya ya kai wa yarinyar, wataƙila ta sami abin kallo da ya fi bango.

Zomayen Saloma irin waɗanda mutanen tashar binciken noma suke kira cincila ne, masu gashi ruwan toka, mai laushi kamar audugar rimi. In ka hura shi sai ya buɗe, ka ga launi hawa-hawa har zuwa fata. Dalhatu ya sa kafinta ya buga masa keji na katako da waya, ya ajiye a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, daidai inda za a hango shi daga ƙofar ɗaki. Bai ce wa Kubra komai ba. Da la'asar ɗin ranar ya dawo ya tarar da ita a tsugune gaban kejin, ta tura yatsa ta cikin waya, ta riga ta raɗa wa zomanyar suna Toka.

Daga nan tsakar gida ta zama tata. Ita ce share keji, ita ce canja ruwa, ita ce ɗaukar Toka ta ɗora a cinya tana shafa ta tana yi mata hira. Indo ta ce yarinyar ta fara cinye tuwonta. Amma zaure har yanzu ta gagare ta. Shi ya sa Dalhatu ya yi lissafin da ya ga ya yi daidai: in zomo ɗaya ya fito da ita daga ɗaki zuwa tsakar gida, biyu sai su kai ta ƙofar gida. Ranar Alhamis ya kawo ta biyun, Kubra ta ce to sunanta Lami.

Da fari babu abin da ya faru. Lami ta fi Toka girma kaɗan, ta fi ta rawar kai, amma ba su yi faɗa ba. Sukan kwanta a jingine da juna, Lami tana lasar wuyan Toka, Toka ta lumshe ido. Dalhatu har ya ce wa Indo, Maman Paulina ta cika tsoro, wato Saloma yake nufi. Indo ta yi dariya ta ce yau kuma shi ne yake cewa wani ya cika tsoro.

Lokacin kuwa tumatir ya yi yawa har ya zama kaya. Motocin Kudu ba sa iya kwashewa, kwanduna a jere a bakin titi tun daga Kura har Bunkure, wanda ya kwana biyu sai a juye shi a rami. Dalhatu ya ga babu dalilin da zomayen 'yarsa za su ci ciyawa kamar awaki alhali ga abinci ana zubarwa. Kuma daman ciyawar bakin kanal tana ba shi tsoro, don maƙwabtan gona suna feshi iska tana kaɗa maganin a kanta. Sai ya daina yanko ta. Kullum ya zaɓo tumatir masu kyau, da latas, da karas, da ganyen kabeji mai taushi, ya wanke su tas da hannunsa ya sake ɗaurayewa. Indo ta ƙara musu da jiƙaƙƙiyar dusa. Baballe, maƙwabcinsa, ya leƙo wata rana ya ga kwanon zomayen, ya ce shi ma in akwai wuri a kejin a buɗe masa.

Kubra ce ta fara gani. Wata safiya ta kira uban kafin ya fita, ta nuna masa bayan wuyan Toka. Wani ɗan fili ne kamar faɗin kwabo, babu gashi. Dalhatu ya ce wataƙila waya ce ta karce ta. Ya duba kejin ciki da bai, ya lanƙwashe duk wani tsini da ya gani. Amma filin bai tsaya ba. Ya yi faɗi, wani ya fito a kafaɗa, wani a gadon baya. Babu ƙurji, babu ɓawo, babu jini, fata ce kawai fara sol, gefenta kamar an bi da almakashi. Toka tana ci tana sha, amma duk wanda ya gan ta sai ya ce wayyo. Lami kuwa gashinta sai sheƙi yake.

Iya Kulu, mahaifiyar Dalhatu, tana zaune a sashenta na cikin gidan, ba ta cika shiga harkar zomayen ba. Ranar da ta fito ta ga Toka, ta daɗe a tsaye tana dubawa, ta dubi ɗankwalin jikarta, ta sake duban zomanyar. Sannan ta jawo ɗanta gefe, amma muryar Iya ko ta rage ta sai an ji ta a zaure.

"Kada ka taɓa dabbar nan da magani," in ji ta. "Ba ka ga abin da ake ciki ba? Ɗauke wa yarinyar take yi. Tun muna yara muka sani, in cuta ta so mutum, Allah yakan juya ta kan dabbarsa. Ka bar ta ta gama ɗauka. Ko mutuwa ta yi sai mu ce Allah ya tsayar a kanta."

Dalhatu ya ce, "Iya, ai likita ya ce ciwon ya riga ya tafi."

"Likita ya ga zomon?"

Likita kam bai ga zomon ba. Da Dalhatu ya juya sai ya ga Kubra a tsaye da kwanon ruwa a hannu. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta dubi tafin hannunta, wanda take shafa Toka da shi kullum, ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Ba ta sake taɓa Toka ba. Indo ta shiga ta same ta, ta fito ta gaya wa mijin cewa yarinyar ta ce ita ce ta shafa wa Toka, kuma in ta ƙara taɓa ta za ta kashe ta. Iya Kulu da kanta ta je bakin ƙofa tana cewa ƙawata fito mana, ai alheri nake nufi, amma Kubra ta ce kanta yana ciwo. Tuwo ya koma dawowa da saura. Duk tafiyar da aka yi daga ɗaki zuwa tsakar gida ta koma baya, kamar ba a yi ba.

Dalhatu ya rasa inda zai sa kansa. Ya san cuta da lafiya duk na Allah ne, ya sha jin haka a wajen karatu. Amma in ya tuna yadda ya ɗauko Kubra a kafaɗa zuwa bakin titi, jikinta kamar garwashi, sai maganar Iya ta dawo masa da ƙarfi. In ya yi wa zomanyar magani ta warke, abin ya koma kan yarinyar fa? In kuma ya bar ta gashin ya ƙare ta mutu, yarinyar za ta ɗauka ita ta kashe ta, kuma bai ga ranar da za ta sake fitowa ba. Ya yi niyyar tambayar liman, kunya ta hana shi, don bai san yadda dattijo mai iyali zai tsaya bayan sallar magariba yana tambaya a kan gashin zomo ba. Saloma kuwa yana jin nauyin komawa wurinta, tunda ta faɗa masa bai ji ba.

Baballe ne ya same shi a gona yana ban ruwa, ruwan ya cika kwamin shuka ɗaya yana malala cikin hanya shi bai lura ba. Ya toshe masa, ya tambaye shi lafiya. Da ya ji labari sai ya ce wannan ai kirci ne, baƙuwar ce ta zo da shi, kuma maganinsa a hannu yake: baƙin mai na injin ban ruwa, a ɗiga masa ɗan maganin feshin tumatir, a shafe wurin. Ya ce haka ya yi wa akuyarsa bara.

"Ta warke?" in ji Dalhatu.

"Kircin dai ya tafi."

"Akuyar fa?"

Baballe ya sosa ƙeya ya ce ai akuyar daman ta tsufa.

Duk da haka Dalhatu ya karɓi kwalbar da Baballe ya haɗa masa. Ya rataye ta a ƙahon keke, ya je gona da ita ya dawo da ita, ya sake zuwa ya sake dawowa, bai buɗe ba. Ranar da Indo ta gaya masa Kubra ko kunu ba ta sha ba, ya ce a ransa gara a yi wacce za a yi. Ya baro gona bayan azahar, lokacin da gida yake shiru, Iya tana barcin rana, Indo tana sashen maƙwabta wajen daka. Ya jingine keke, ya kwance kwalbar, ya nufi rumfa.

"Baba." Muryar daga bayan asabari ta fito, ƙasa-ƙasa. "Tsaya a nan. Kada ka yi motsi."

Ya tsaya. Ta ce ya zo ta jikin bango a hankali. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar, ya gane ashe duk kwanakin nan da take ɗaki a nan take yini, ido a tsakanin karan asabari, tana kallon kejin. Ta ce ya duba Lami.

Ya duba. Abin da ya saba gani ne, Toka a kwance, Lami a kanta tana lasar bayanta. Ya ce mata ai wasa suke, son juna ne.

"Baba, da nawa yake zuba, a kan matashi nake ganinsa. Umma tana ɓoyewa, amma ina gani. Na Toka fa? Ni nake share kejin. Ban taɓa ganin ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. Ina yake zuwa?"

Dalhatu ya mayar da ido kan kejin. Ya sake dubawa, wannan karon da kyau. Lami ta lasa, ta lasa, sannan ta kama da haƙori ta ja kaɗan. Toka ta ɗan zabura ta koma ta kwanta. Bakin Lami yana motsi, wani siririn gashi ruwan toka yana leƙowa a gefensa, yana gajarcewa, har ya ɓace.

Abin da ya fara zuwar masa sauƙi ne, kamar an sauke masa buhu daga ka. Ba cuta ba ce, ba ɗauka ba ce, ba hannun 'yarsa ba ne. Bayan sauƙin sai fushi. Ya miƙe ya ce yau Lami za ta bar gidan nan, ko ta koma inda ta fito ko ta shiga tukunya, dabbar da ake ba karas da latas ta koma cin 'yar'uwarta. Kubra ta ɗaga asabarin ta fito da kanta waje ta ce a'a. Ta ce Lami ba mugunta take yi ba, in mugunta ce da Toka ta gudu. Wani abu take nema, a je a tambayi Maman Paulina.

Kwalbar Baballe kuwa, Dalhatu ya tona rami a bayan gida ya binne ta. Da yamma ya hau keke ya tafi Kadawa.

Ya sami Saloma a rumfarta inda take sayar wa leburori abinci, tukunyar shinkafa da wake a kan wuta, mutane a kan benci suna jira. Ya gaishe ta, ya yi bayani a tsaye, yana jiran ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Tana zuba abinci tana jefo masa tambayoyi. Wacce ce take fara zuwa kwano? Kashinsu ƙwaya-ƙwaya ne busasshe ko yana manne? Lami tana gwaguyar katakon kejin? Da safe take cin gashin ko da rana? Dalhatu ya ce wallahi bai sani ba, ya sake cewa bai lura ba, ya ce sai dai ya tambayo. Wani lebura a kan benci ya ce Malam, anya zomayen naka ne? Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Saloma ta goge hannu da zani ta ce, "Baban Kubra, kai mai keke ne kawai. Ka kawo mini mai zomayen. Ni ba zan iya barin tukunya ba, ka ga yadda nake."

Ya ce mata ai ta san yarinyar ba ta fita. Ta ce ta sani. Ta juya ta ci gaba da zuba wake.

A hanyar dawowa ya shirya maganar iri-iri, ya rushe. Yana tsoron in ya matsa mata ta ƙara shigewa, yana tsoron in bai faɗa ba ya rufe ƙofar da ta ɗan buɗu. A ƙarshe ya faɗa mata yadda aka yi kawai, da tambayoyin da ya kasa amsawa, da dariyar da aka yi masa, da abin da Saloma ta ce. Bai ƙara nasa ba. Kubra ta ce duk ta san amsoshin, ya tsaya ta faɗa masa ya kai. Ya ce to. Ta faɗa, ya maimaita, ya juya na Toka ya zama na Lami, ba kuma da gangan ba. Ta gyara masa, ya sake kuskurewa. Ta dube shi ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, irin wanda rabon da ya ji tun kafin ciwo, ta koma ɗaki.

Washegari da hantsi yana duba iskar tayar keke a zaure sai ya ji motsi a bayansa. Kubra ce, ta ɗaura ɗankwali biyu, ɗaya a kan ɗaya, ta ja su har gira, ta yafa mayafin uwarta. Indo tana tsaye daga ciki ta toshe baki da hannu, tana yi masa alama da ido kada ya yi magana. Bai yi ba. Ya fitar da keken, ta hau baya ta riƙe rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ɗankwali.

Babu hanyar Kadawa da ba ta bi ta bakin kanal ba. 'Yan mata suna nan suna wanki. Dalhatu ya ji hannunta ya ƙara damƙe rigarsa, shi ma ƙafarsa ta so ta ƙara sauri, amma ya bar keken a yadda yake tafiya. Wata ta ɗago ta ce lah, Kubra ce. Wata ta ce Kubra ina za ki, an ce kina da zomaye masu cin salak. Kubra ba ta amsa ba sai da suka ɗan wuce, sannan ta juya ta ce guda biyu ne. Daga nan har Kadawa gonakin alkama ne kore shar hagu da dama, ita ba ta taɓa ganin alkama a gona ba, ta tambaye shi ko shinkafa ce.

Saloma ta bar wa 'yarta Paulina tukunya, ta ja Kubra zuwa bayan gida wajen kejinanta. Dalhatu ya tsaya daga nesa yana riƙe da keke. Yana jin Kubra tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, da fari a hankali, daga baya har tana nunawa da hannu. Da aka zo kan abinci, ta lissafa tumatir da latas da karas da jiƙaƙƙiyar dusa, Saloma ta tambaya ciyawa fa, harawa fa. Kubra ta ce Baba ya hana, yana tsoron maganin feshi.

Saloma ta juyo ta dube shi, ta kama haɓa. Ta ce zomo ba baƙon biki ba ne da za a yi ta tura masa kayan daɗi. Cikinsa da haƙorinsa suna son abu busasshe mai kaushi, wanda zai yini yana tuƙa. Lami a kan harawar gyaɗa ta tashi, an kai ta inda komai ruwa-ruwa ne, ta nemi abin tauna ta rasa, sai gashin 'yar'uwarta. Ta ce ta taɓa ganin haka sau ɗaya a nata, harawa ce ta gyara, amma ba za ta rantse ba, don wani zomon in ya koyi abin ya zame masa hali. A raba su da waya a tsakiya, suna ganin juna ba sa kai wa juna, a cika musu harawa, a rage tumatir.

Sai Kubra ta tambayi abin da ya kawo ta. "To in na taɓa Toka, ba abin da zai same ta?"

Saloma ta buɗe keji ta ɗauko wani ɗan zomo ta ɗora mata a hannu, ta ce ta riƙe mata wannan tukuna, bari ta ɗauro musu harawa.

Sun dawo da dami a bayan keke, Kubra a zaune a kansa. Dalhatu ya raba kejin da ragowar waya kafin la'asar. Da aka zuba harawar, Lami ta faɗa mata kamar wadda ta shekara ba ta ci ba, ana jin ƙarar taunarta har sashen Iya. Iya Kulu ta fito ta ji bayani, ta ce to, ita dai abin da ta sani ta sani, wa ya sa zomanyar ta ci gashin in ba Allah ba, kuma me ya sa sai na wadda yarinyar ta fi so. Dalhatu bai yi mata musu ba. Kubra tana zaune da Toka a cinya, tana shafa inda gashi ya rage.

Damin Saloma bai daɗe ba. Baballe yana da harawar wake a kan rumfarsa ta ƙofar gida, ya ce a riƙa ɗiba, da sharaɗin kada a ba kowa labarin akuya. Dalhatu yana gona yini guda, Indo ba ta fita, don haka ɗiban ya faɗo kan Kubra. Takan leƙa zaure ta ga ko da mutane, ta fita da sauri ta dawo da sauri. Daga baya saurin ya ragu. Wata rana Indo ta ji muryoyi a tsakar gida, ta leƙo ta ga yara mata biyu a tsugune gaban kejin, Kubra tana hana su ba Lami tumatir. Dalhatu da ya ji labari ya tambaya ko sun yi mata maganar kai, ko ɗankwalin ya zame, ko ta ci abinci bayan sun tafi. Indo ta ce Malam, don Allah ka ci tuwonka.

Filin bayan Toka ya daina faɗi, fatar ta fara yin duhu-duhu, Kubra ta ce gashi ne yake tahowa, Dalhatu ya duƙa ya duba ya ce shi bai tabbata ba tukuna. Wayar tsakiyar kejin tana nan, ba wanda ya san ko in an cire ta Lami za ta koma halinta. An kusa komawa makaranta, malamin ajinsu ya aiko yana tambaya. Kubra ba ta ce za ta je ba, ba ta ce ba za ta je ba, kuma har yanzu ba a san wanda za ta zaɓa ba.